Madam ta tafi, gyara ya bi ta

Mai Magaza: Assalamu alaikum jama'ar gida, ina wuninku. Ku yi haƙuri yau zan ɗan ja zance don abin ya kwana biyu yana cina. Aikina riƙon magaza ne a wata ma'aikata nan cikin Damagaram, ba sai na faɗi sunanta ba, shekarata tara a wurin. Shekara biyu da suka wuce aka kawo mana wata madam ta shugabance mu, mace mai zafin nama wallahi, cikin wata uku ta juya wurin kamar ba shi ba. Magazar da a da in ka shiga neman kwali ɗaya sai ka yi rabin awa kana tono kamar mai haƙar rijiya, aka share aka kafa kantoci, kowane kaya da sunansa a rubuce, aka buga mana fishi na kowane kaya abin da ya shigo da abin da ya fita, duk Litinin taro na minti 15 a tsaye ba kujera ba shayi, ƙarfe 8 kowa ya sa hannu a kaye. Har 'yan misiyo, masu zuwa duba aiki, in sun zo daga Yamai sai sun ɗauki hoto. To wata takwas ke nan aka yi mata afektasiyo, wato aka canza mata wurin aiki. Jama'a yau in kun shigo magazar nan sai ku rantse ba ta taɓa taka garin ba. Fishi rabon da a cika shi tun kafin azumi, taron Litinin ya koma na wata-wata daga nan ya mutu ko jana'iza bai samu ba, kayen sa hannu kuwa mutum ɗaya ke sa wa mutum huɗu, kuma ba zan ɓoye muku ba har da ni a ciki.

Yanzu sabon shef ya damƙa mini sashen kaya gaba ɗaya ya ce in maido da tsarin madam. Ni tsorona kar in tayar da jama'a in kwashi baƙin jini a banza, bayan shekara a ɗauke shi ko a ɗauke ni a koma gidan jiya. Wanda ya taɓa ganin gyara ya zauna a wurin aiki don Allah ya gaya mini, me ke riƙe shi?

Sarkin Fada: A rubuta takarda Yamai a maido madam kawai, an huta 😂

Baba Majo: Wa alaikumus salam ɗana. Ni amsata gajera ce, tsoro. Mu da muka yi aiki zamanin marigayi Seyni Kountché mun san abin da ake kira zuwa biro a kan lokaci. Mutumin nan ba ya aiko da sanarwa, sai dai kawai a ga ya diro ma'aikata da sassafe, wanda ya tarar kujerarsa babu kowa ya shiga uku. Mu muna nan nesa da Yamai kilomita kusan 900 amma labarin kaɗai ya isa ya tashe ka da asuba. Ba atiliye na horo, ba fardiyam na halarta, ba komai. Yanzu kuwa yaro ya makara awa biyu ka yi magana, kafin azahar kawunsa ya kira ka daga sama. Ka hukunta mutum ɗaya kowa ya gani, saura za su shiga taitayinsu.

'Yar Jami'a: Baba ina wuni, a gafarce ni zan ɗan ja da ku. Kountché ya hau a 1974 ya rasu a Nuwamba 1987, shekara 13 ke nan cur ana wannan tsoron. Da tsoro yana dasa hali ai da shekara 13 ta isa. To bayan rasuwarsa da Ali Saibou ya sassauta, wata nawa aka ɗauka kafin ma'aikata su saki jiki? Ku kuka gani da idonku ba ni ba. Ni gani nake labarinku da na yaya Mai Magaza duk ɗaya ne, madam ce Kountchén magazarsu.

Baba Majo: 'Yata kin iya zance. Gaskiya ba a daɗe ba. Amma shekara 13 ana aiki ai ta fi babu.

Mushe Ɗan Mirya: Ni dariya ma abin ya ba ni don mu a lakwal mun ga irin wannan har mun gaji da gani. Furoje ya zo da farar mota, a kira atiliye kwana uku a otel, a ba ka jaka da bik da kaye da riga mai tambari, a ci kaza a karɓi fardiyam, a dawo a liƙa babbar takarda a bangon biron darakta. Shekara uku furoje ya naɗe tabarmarsa, takardar nan na bango har gara ta cinye rabinta ba wanda ya ƙara kallonta. Wani furojen ya zo da tasa takardar a liƙa bisa ta farko. Kuma abin haushi wanda ake turawa atiliyen sau da yawa ba shi ke yin aikin ba, na kusa da shef ne, shi ya je ya koyo, mai aikin yana nan bai san an yi ba. Sannan ka zo ka ce wa malami ɗan kwantaragi da bai ga kuɗinsa ba ya cika maka sababbin takardu kala biyar saboda kishin ƙasa. Kayan aro ai ba ya rufe katara.

Abu ɗaya da na ga ya ɗan yi saiwa shi ne COGES, kwamitin iyaye na kula da lakwal, wanda 'yan Japan suka taimaka aka inganta tsarinsa a Tawa daga 2004 kafin ya bazu ƙasa duka. Ba ko'ina yake aiki ba, kar ku ce na ce. Amma inda aka zaɓi mutane da ƙuri'ar asiri ba mai gari ya nuna ƙaninsa ba, kuma aka riƙa karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, za ka tarar ana canza darakta uku kwamiti na nan yana kafa rumfunan zana duk farkon shekara. Don su iyaye ba a yi musu afektasiyo.

Injiniya: Abin da madam ta yi muku suna gare shi, 5S ake ce masa, daga masana'antun Japan ya fito. Kalmomi biyar ne nasu, seiri, seiton, seiso, seiketsu, shitsuke. Da Hausa, ware abin da ba a buƙata a fitar, ba kowane abu mazauninsa, tsabtace, mayar da shi ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani, na biyar kuma ya zama ɗabi'a. Ukun farko ko yau aka ba ni samari goma da tsintsiya da fenti zan yi maka su kafin Juma'a, su ne masu kyau a hoto. Na huɗu da na biyar su ne aikin, kuma su ba sa fitowa a hoto.

Bari in ba ku labarin da ya fi burge ni. Kamfanin motoci na General Motors yana da wata masana'anta a Fremont, jihar Kaliforniya a Amurka, wadda ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki da yajin aiki da motoci masu aibi, har suka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota aka sa mata suna NUMMI, kuma yawancin ma'aikatan da aka ɗauka tsofaffin nan ne da ake cewa ba sa gyaruwa. Aka kai wasunsu Japan suka yi aiki kafaɗa da kafaɗa da 'yan Toyota. Abin da ya fi girgiza su igiya ce da ke rataye bisa layin haɗa mota, duk lebura in ya ga kuskure yana da ikon ja, shugaban rukuninsa ya rugo ya taimake shi, in ba a warware ba layi ya tsaya. A da kuwa tsayar da layi babban laifi ne, gara ka bar motar ta wuce da aibinta. Cikin ɗan lokaci motocin wurin suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin, da mutanen nan dai. Amma ga inda zancen yake, General Motors sun yi shekaru suna son kwafe abin zuwa sauran masana'antunsu yana ba su wuya, don igiyar ana iya ratayawa ko'ina, amma shef ɗin da zai ce maka sannu da ka ja ta maimakon ya zage ka, shi ba a sayo shi a kasuwa.

Sarkin Fada: Injiniya mu nan Damagaram igiyar da muka sani ta guga ce, ita ma in ka ja wani lokacin ba ruwa 😂

Mushe Ɗan Mirya: Ka ja igiya a ma'aikatarmu ka ga yadda za a tura ka Tasker can cikin hamada ka je ka ja ta raƙumi.

Hajiya Mai Ɗinki: Ku dakata da Japan tukuna. Ƙanena Mai Magaza tambaya ɗaya zan yi maka kuma ka yi tunani kafin ka amsa. Cikin duk abin da aka yi zamanin madam, babu ko ɗaya da ya rage har yau ana yi ba tare da wani ya ce a yi ba? Ko ƙanƙane ne.

Mai Magaza: Hajiya wallahi sai da na tashi na leƙa magazar kafin in amsa miki. Akwai guda biyu kuma ban taɓa lissafa su cikin tsarin madam ba. Na farko kaya masu nauyi har yanzu bakin ƙofa ake ajiye su a kan katako daidai ƙugu, ba a kai su can ƙurya. Na biyu akwai jan fenti da aka ja a jikin kowace kanta, in kaya suka ragu har jan layin ya bayyana sai a zo a gaya mini in rubuta odar sabo. Wannan ko ina nan ko ba na nan ana yi. Kuma yanzu da na tuna duka biyun ba daga madam suka fito ba, wani dattijo ne leburanmu da ya fi shekara ashirin a wurin ya kawo shawarar a taron Litinin, shi bai yi lakwal ba, cewa ya yi shi ba ya iya karanta fishi amma yana ganin ja. Madam ta ce a sayo fenti a ranar.

Hajiya Mai Ɗinki: To ka gani. Bayansa ke ciwo, shi ya sa na farko bai mutu ba. Na biyu kuma shi ake tsawata wa in kaya sun ƙare ba labari. Yanzu gaya mini fishin, wa yake hutarwa?

Mai Magaza: Gaskiya ba kowa a cikinmu. Lamba ɗaya sau uku nake rubuta ta, a fishi, a babban rajista, sannan a kwamfuta in akwai wuta, in babu in jira ta dawo in zauna har magariba ina shigarwa. Madam ce kaɗai ke duba fishin, duk Alhamis takan ɗauki guda biyar ta je ta ƙirga kayan da hannunta. Da ta tafi ba wanda ya sake tambaya. Kuma katin fishin kansa da kuɗin wani furoje ake bugo shi, da ya ƙare na rubuta buƙata sau biyu aka ce babu kuɗi, ni kuma ban sake bi ba.

'Yar Jami'a: Wannan shi ne abin da masu bincike na cibiyar nazarin zamantakewa ta LASDEL a Yamai, su Olivier de Sardan, suka daɗe suna rubutu a kai game da ma'aikatun gwamnati da gidajen likita. Suna cewa kowace ma'aikata doka biyu gare ta, ta takarda da kuma wadda ake aiki da ita a zahiri, wadda ba a rubuta ba amma sabon ma'aikaci cikin sati biyu ya haddace ta, wa ake gaisarwa, ƙarfe nawa ake zuwa da gaske, wace takarda ake cikawa sai ranar da 'yan misiyo za su zo. Ta biyun ba hauka ba ce, kowace tana da dalilinta. Suna kuma magana a kan tsare-tsaren da ake ɗaukowa daga wata ƙasa a dasa ko'ina iri ɗaya kamar kowa ƙafarsa ɗaya. In sabuwar doka ta zo ba ta tambayi tsohuwar ta ɓoye dalilinta ba, ta ɓoyen ce ke cin nasara, haƙuri kawai take yi har mai dokar ya tafi.

Baba Majo: Nan kam na yarda da ke. A wani gidan likita da na riƙe a ƙauye akwai lokacin da rajista ta fi ma'aikata yawa, kowane mai ba da taimako da tasa, ta rigakafi daban, ta tamowa daban, ta zazzaɓin sauro daban, ta awon ciki daban. Mu biyu ne da ungozoma, mata sun cika rumfa tun hantsi. To ko ka duba yaro ko ka cika takarda. Abin da muke yi, Allah ya yafe mana, ƙarshen wata mu zauna da fitila mu cike. Kuma ku tuna maganin kyauta na yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006 zamanin Tandja, niyya mai kyau wallahi, iyaye mata sun yi ta kawo yara, amma kuɗin da gwamnati za ta mayar wa gidajen likita ya riƙa makara wata da watanni, kanta ta bushe, aka koma rubuta wa uwa takarda ta je farmasi ta saya. An canza doka ba a tanadi abin da zai ciyar da ita ba. Katinka da ya ƙare ɗana, ƙaramin misalin wannan ne.

Amma ina nan kan bakana, ba a raba aiki da hukunci.

Ɗan Matamai: Salam, na makara ina karanta ku tun sama. Ni malamin gona ne, bari in kawo nawa daga daji. Duk wanda ya bi hanyar Matamai ko Magarya ko Mirya ya ga gawo cike da gonaki. Dattawa za su gaya maka bayan farin 1984 wuraren nan fili ne fetal. An yi ta furojen dashen itace, a raba 'ya'yan itace a leda a dasa da bikin ranar 3 ga Agusta, awaki su cinye, baɗi a sake. Abin da ya cika gonakin nan ba dashe ba ne, sassabe ne na hankali, manomi ya bar tohon da ya fito da kansa daga tsohon kututture, ya zaɓi mai ƙarfi ya rage saura ya kare shi. Masu bincike sun ƙiyasta hekta wajen miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 tsakanin jihar nan da Maraɗi da kewaye. Me ya sa ya zauna? Gawo yana zubar da ganye da damina bai tare wa hatsi rana, ƙarƙashinsa gero ya fi kyau, 'ya'yansa abincin dabbobi ne da rani, mace ta samu itacen girki kusa. Ga kuma babban, a da itace na gwamnati ne, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka kan itacen da ke cikin gonarka, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Da manomi ya fara jin itacen nasa ne sai ya zama ba ya buƙatar mai gadi. Wuƙa kawai ake buƙata, ita kuwa kowa na da ita.

Mushe Ɗan Mirya: Malam misalinka ya yi daɗi amma akwai rami a ciki. Manomi geron nasa ne. Mai Magaza in ya jera kaya tsaf ribar ta wa? Albashinsa ɗaya da na wanda ke barci a ƙarƙashin bedi. Abin da mutane ke faɗa kullum ai shi ne, aikin gwamnati ba gonar ubanka ba ce. Ka fara warware mini wannan.

Hajiya Mai Ɗinki: Mushe riba ba kuɗi kaɗai ba ce. Ni yara tara ke ƙarƙashina a shago kusa da kasuwar Dole, kuma ba na ƙara wa kowa ko dala don ya mayar da almakashi wurinsa. Shekara nawa ina faɗa ina kumfar baki a kan almakashi da tef, har na taɓa cin tara dala ashirin ashirin, sati biyu aka yi aka koma. Ranar da na gaji na sa aka ɗaure kowane almakashi da igiya a jikin teburin yanka, magana ta ƙare, yau shekara huɗu ban sake ambatonsa ba. Ba halinsu ya canza ba, ɓatar da shi ne ya fi ajiye shi wuya yanzu. Haka kayan sallah, da muna kwana uku ba barci ana kuka da masu kaya, sai babbar yarinyata ta ce mu rubuta a allo ɗinki nawa muke iya gamawa a sati, in layi ya cika ko 'yar sarki ce a ba ta haƙuri. Su suka fi ni tsare allon nan yanzu, don su ke kwana a shago in an karya shi. Ribarsu barci.

Kuma ku dubi asusun Mata Masu Dubara, tun 1991 CARE ta fara shi a yankin Maraɗi, yau ƙungiyoyi nawa ke zama duk sati ba wanda ya san ma wace mota ta fara kawo shi. Namu akwati ɗaya ne kwaɗo uku, makulli hannun mata uku, akwatin kuma yana ɗakin ta huɗu, ba a buɗewa sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Shugabarmu ta farko ta rasu Allah ya jiƙanta, ko sati ɗaya ba a fasa zama ba.

Injiniya: Hajiya kin gama 5S ba ki je Japan ba. Igiyar almakashin nan ma suna da suna gare ta a can, poka-yoke, wato a tsara abu yadda kuskuren ba zai yiwu ba. Amma kar mu zame mu ce shef ba shi da amfani. Dattijon nan shekara ashirin yana da dabarar jan fenti a cikinsa, me ya hana ta fitowa sai zamanin madam? Don ita ce ta buɗe wurin da lebura zai yi magana a saurare shi kuma a sayo fenti a ranar. Ni a ganina babban abin da kuka yi asara ba fishi ba ne, taron Litinin ne. Kuskurenta ɗaya, ita ke kiran taron ita ke duba fishi ita ke tambaya, ba ta bar wa kowa ragamar ba tun tana nan. Da ta sa ana karɓa-karɓa, wannan satin kai ka ja taro, sati mai zuwa mai gadi, da ranar da ta tafi ba a ji giɓin ba sosai. Sannan miƙa aiki a wurinmu makulli ne da hatimi da lissafin kujeru, ba wanda ke rubuta wa magajinsa ga yadda muke yi ga dalili.

Kwantabul: Ina ta karatu na yi shiru amma kun bar giwa a ɗaki kuna neman sawunta a waje. Duk kuna magana kamar lalaci ne ko mantuwa. Ruwa ba ya tsami banza. Magazar da ba a san adadin abin da ke ciki ba, akwai wanda take ciyarwa. Kwali biyu su yi ƙafa a wata, wa zai gane in babu fishi? Ni na ga wurin da aka kawo kwamfuta don lissafin kaya, cikin wata biyu ta lalace sau uku, ta ukun ruwan shayi aka samu a cikinta. Ba na zargin kowa a wurinku don ban san ku ba. Amma kafin ka maido da ƙirga ka san wa zai yi asara, don shi ba zai fito ya ce ba ya so ba, shi zai fi kowa yaba maka a taro. Mai Magaza makullin magazar hannun mutum nawa yake?

Mai Magaza: Uku.

Kwantabul: Kwaɗo uku irin na su Hajiya, ko kwaɗo ɗaya makulli uku?

Mai Magaza: Kwaɗo ɗaya. Kuma ɗaya daga cikin masu riƙewar ba zan iya karɓa daga hannunsa ba, ya girme ni a aiki ya girme ni a shekaru, kuma tare muke sallah a masallacin unguwa.

Admin: Jama'a a kiyaye, kar a kai ga bayanin da za a gane mutum ko ma'aikata. A ci gaba.

Baba Majo: To kun ga inda nake cewa hukunci. Wannan jan fenti ba ya maganinsa.

'Yar Jami'a: Baba ba ya maganinsa amma shi ma yaya ba shi da ikon hukunta wanda ya girme shi, in ya gwada shi za a mayar mara kunya a unguwa. Abin da zai iya shi ne ya cire abin daga tsakaninsa da mutumin. Ƙirga ta zama ta mutum biyu kullum, ana juyawa, a rubuta sakamakon a allo inda kowa ke wucewa, kuma takardar umarnin ta fito daga sabon shef da sa hannunsa. Ba wanda aka ce wa ɓarawo, ba wanda aka ƙwace wa makulli, amma duhun ya ragu.

Kwantabul: Kuma a ƙara kwaɗo na biyu a ce odita ne ya buƙata. Odita ba ya sallah a unguwarku.

Mai Magaza: Allah ya saka da alheri, kaina ya ɗan washe. Ga abin da nake ganin zan kai wa shef gobe. Ba zan ce masa zan maido da tsarin madam duka ba. Fishi zan ce a bar shi ya huta, a riƙe rajista ɗaya, kaye na jikka guda da ko furoje babu ni ma ina iya saye. Taron Litinin a dawo da shi minti 10, jagoranci ana juyawa. Ƙirgar kaya biyar duk Alhamis mutum biyu. Kayen sa hannu na ƙarfe 8 kuwa ba zan taɓa shi ba yanzu, ba hurumina ba ne kuma faɗan ya fi ƙarfina.

Mushe Ɗan Mirya: Shef zai ce ina fishin da 'yan misiyo ke ɗaukar hoto. Ka shirya amsa. Shi abin da zai nuna wa Yamai yake nema.

Injiniya: Ya nuna masa sau nawa kaya suka yanke a wata shida da suka wuce, ya ce a sake ƙirgawa bayan wata shida. Lamba ɗaya da ke sauka ta fi hoto shiga rapor.

Baba Majo: Ni dai na faɗa, ranar da aka kama na farko a gani a ƙasa. In aka rufe shi don surukin wane ne, ku kwashe allonku ku ba yara su yi karatu.

Hajiya Mai Ɗinki: Kafin ka je wurin shef ka fara zuwa wurin dattijon nan da goronka, ka tambaye shi me kuma yake gani wanda bai faɗa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ina tabbatar maka akwai uku ko huɗu a cikinsa da yake jira a tambaya.

Mai Magaza: Hajiya kin tuna mini wani abu da ya sa gabana ya faɗi. Dattijon ƙarshen Disamba zai yi ritaya. Kuma shi kaɗai ke sabunta fentin in ya goge, shi ya san daidai inda ake jan layin na kowane kaya, na damina daban na rani daban, ni kaina ban taɓa tambayarsa yadda yake aunawa ba.

Hajiya Mai Ɗinki: Wa ke bin sa yana koyo?

Mai Magaza: Ba kowa.

Hajiya Mai Ɗinki: To bar zancen shef sai jibi. Gobe da safe ka haɗa shi da yaro mafi natsuwa cikin leburorinku, kai kuma ka bi su da kaye kanta kanta kana rubuta abin da ya ce. Fentin ma ka duba ko da saura a gwangwanin.

Mai Magaza: Na duba ɗazu, ya bushe. Sarkin Fada kai da ke yawo da babur, nawa ƙaramin gwangwani yanzu a Dole?

Sarkin Fada: Zan tambayo maka da safe, amma kuɗin mai a kanka.